Barewar Shumaisi

Jidda, unguwar Mahjar
Rajab, 1381

Zuwa ga taubashina Ubale Maharbi, a Mai Wurno ta ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum. Tun ina da baƙin gemu na ji wata magana a bakin wani mai raƙuma, wai barewar da ke kiwo a gefen hanyar Makka ta san iyakar Harami. Wai in an koro ta ba ta neman dutse, ba ta neman kwazazzabo, sai ta miƙe sak zuwa ginshiƙan nan biyu na Shumaisi, inda daga nan Allah Ya haramta farauta, ta wuce su, ta juyo ta tsaya tana kallon mai bin ta. Na ce masa to barewar nan a gaban wane malami ta yi karatu? Ya ji haushi. Na shanye shayinsa na tashi.

Af, ka ga tsufa, na shiga zance ban gaishe ka ba. Ina gajiya, ina iyali, yaya kogi da masu noman bakinsa? Mu nan sai godiya. Gwiwata ta dama ce dai take ba ni umarni ina bi. Bashira, 'yar tawa da ta rage mini tun rasuwar uwarta, ta yi nauyi, mata sun ce sai bayan aikin Hajji in Allah Ya kai mu. Mijinta kuwa, ɗanka Hamad, wanda har yau kake kunyar kiran sunansa don shi ne na fari, lafiyarsa lau, sai dai ya jawo mana magana, ita ce ta tuna mini da barewa.

Ka san yana tuƙa motar Sayyid Abdulghaffar, attajirin nan mai ofis a Bagdadiyya da gidan hutu a bakin teku a Abhur. Wata Juma'a Sayyid ya tara baƙi, an ci an ƙoshi, sai wani Badawi, Balaraben sahara, da ke yi musu jagora in za su farauta ya buɗe baki yana ta lissafa barewar da suka kayar. Farautarsu kuwa kada ka ɗauka irin taka ce. A mota ake bin dabba har ta gaji, sannan a harbe ta ta taga. Hamad na zuba gahawa, sai Sayyid ya ce, "Ya Hamad, ku a ƙasarku ana farauta?"

Ya ce, "Ubana ya kashe ɓauna da bindigar toka, kuma a ƙafa."

Badawi ya tuntsire da dariya ya ce, "A ƙafa? Barewarmu ko iska sai ta yi sassarfa take tarar da ita."

Sayyid ba ya son a yi dariya a gidansa in ba shi ya fara ba. Ya aika aka ɗauko ƙaramar bindigar da ke aljihun mota, wadda kuke kira libarba, su a nan musaddas, ya ɗora ta kan faranti ya ce, "Bayan ƙaramar salla, a gabanku, Takarina zai kawo mana barewa a ƙafa da wannan. Halas." Doguwar bindiga ba a damƙa wa bara ita a nan, shi ya sa.

Da na tambayi Hamad me ya hana shi cewa ubansa ne maharbi, shi kuwa ko zakara bai taɓa yankawa ba, sai ya ce mini, yadda ake kiran kawu a nan, "Ammi, butar gahawa na hannuna, mutane na dariya, kuma ai ban yi ƙarya ba."

To ga inda ta shafe ni. Iƙamar Hamad, takardar da yake zaune a ƙasar nan da ita, da sunan Sayyid take. Ran da ya kunyata shi gaban baƙi, ran nan aiki ya ƙare, takarda ta bi shi, sai jirgin Bur Sudan, a mai da shi gida. Mace kuwa mijinta take bi. Ni ba inda za ni, na zo ƙasar nan da ƙafata ina yaro, matata Rahamatu na kwance a maƙabartar nan, kusa da ita nake so a sa ni.

Yanzu kullum in ya sauke Sayyid sai ya zaga bayan Abhur cikin rairayi, ya jera gwangwanayen madara yana harbi. Gwangwanayen duk suna nan lafiya, sun ce a gaishe ka.

Ka koya masa ta takarda abin da ya ƙi koya a gabanka. Ka yi sauri, in irinku sun san sauri.

Ɗan gwaggonka,
Na'ibi

*

Mai Wurno
Sha'aban, 1381

Zuwa ga Na'ibi, ɗan gwaggo, sarkin masu zaman shayi.

Wa alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, daga baya kamar yadda ka saba isowa wurin aiki. Muna lafiya. Kogi ya ja baya, an shuka albasa. Idona na hagu ya rufe, don haka Malam Saleh ke rubuta mini, kuma ya ce wasu kalmomin da nake faɗa a kanka alƙalaminsa ba zai ɗauka ba. Ka cike su da kanka. A gaishe mini da 'yata Bashira, Allah Ya raba lafiya.

Da aka karanta mini cewa yaron nan ya riƙe bindiga, na sa an maimaita. Yaron da ya ga jinin gada ya yi amai, ya gudu Sinnar koyon mota! Ashe jini yana jira ne kawai.

Libarba ban taɓa harba ta ba, a ƙugun ɗan sanda kawai nake ganin ta. Amma bindiga mai gajeren baki numfashinta gajere ne, wannan ko ba a gaya mini ba. Ba ita za ta je wurin nama ba, shi zai kai ta. Ya matsa har sai ya ga gashin idon barewa. Ya watsa rairayi sama ya ga inda iska ta nufa, ta riƙa bugun fuskarsa, kada ta bugi ƙeyarsa. Ya riƙe da hannu biyu. Ya saki numfashi tukuna, sannan ya matsa kunamar a hankali kamar mai tatsar akuya, ba fizga ba. Ya auna bayan ƙafar gaba, ba kai ba, kai wurin masu alfahari ne. Bisimilla kafin harbi, wuƙa a kusa.

Yadda zai matsa kuwa, na aiko masa da abin da ban taɓa ba kowa aro ba. Alhaji Rafi'u zai zo umarar azumi, yana ɗauke da kan burtun kakanmu Usuman. Kai da ka bar daji tun kana yaro bari in tuna maka. Kan baƙin tsuntsun nan ne mai dogon baki, an ɗora shi a kan itace mai lanƙwasa. Ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane a baya, ya durƙusa yana rarrafe, yana sunkuyar da kai kamar mai tsintar fara. Kada ya miƙe wa nama sak, ya riƙa karkacewa, ya tsaya, ya ci gaba. Nama ya san burtu, tare suke kiwo, ba ya ɗaga kai dominsa.

Saura guda, ita ce ubana ya fara gaya mini kafin ya ba ni bindiga. In ka koro nama ya faɗa gidan mutum, ka sauke bindigarka ka yi sallama. Ya fita hannunka, sai abin da mai gida ya ce, ko da kuwa gidan maƙiyinka ne.

Zancen barewar Harami ban yi mamaki ba. Na san namun da suka fi wasu tsofaffin Jidda hankali.

Ka gaya wa yaron ɗakinsa na nan, na sa an yi masa sabon yaɓe.

Ubale

*

Jidda, Mahjar
Ƙarshen Ramadan, 1381

Zuwa ga Ubale.

Bayan sallama da barka da shan ruwa. Muna lafiya. Ƙafafun Bashira sun kumbura amma tana cin abinci. Gwiwata tana nan da mulkinta.

Tsuntsunka ya iso. Alhaji Rafi'u ya ce a tashar jirgi ma'aikaci ya buɗe ƙunshin, ya ga baki da ido, ya ja da baya yana a'uziyya, sai da wani Bature ya ce kayan tarihi ne sannan aka bar shi ya wuce. Na karanta wa Hamad takardarka daga farko har ƙarshe, ya sa na sake. Ya ɗauki kan burtun ya daɗe yana shinshina shi. Ya ce warin ɗakinka yake yi.

Riƙon hannu biyu da tatsar akuya sun yi amfani, ban hana ka wannan ba. Gwangwanaye sun fara mutuwa, in dai suna kusa kuma ba su motsa ba. Rarrafen kuwa a tsakar gidanmu ya koya, da hantsi, matan Mahjar na leƙe ta saman katanga. Wata tsohuwa 'yar Jidda ta ce da Bashira, "Ya binti, mijinki aljanu ne ko sana'a?" Bashira ta ce, "Gado ne, Hala." Ta ce, "Allah Ya sawwaƙe."

Ranar Alhamis ya roƙi Badawin nan ya kai shi wajen Wadi Fatima ya gwada tun kafin ranar baƙi. Suka hango barewa uku suna kiwo can nesa. Ya watsa rairayi, ya ɗaura tsuntsu, ya yafa zane, ya durƙusa. Bai yi rarrafen kirki ba duk suka ɗaga kai. Suka dube shi, suka dubi juna, suka bar masa ƙura. Badawi ya yi dariya har azuminsa ya kusa karyewa, sannan ya ce, "Billahi, wannan wane irin tsuntsu ne?"

Ka ji inda maganar take. Babu burtu a Hijaz. Na tambayi masu raƙuma, na tambayi masu itace, ba wanda ya taɓa ganin sa, kakannin barewar nan ma ba su gan shi ba. Ka aiko da abin da nama ya saba da shi a Sudan zuwa inda ya zama dodo. Ga shi babu ciyawar da za ta rufe mutum, sai tsakuwa mai zafi. Yaron ya dawo gwiwoyinsa sun saɓule, Bashira na shafa masa man zaitun tana kuka a ɓoye.

Na zauna na sake duba takardarka, sai idona ya tsaya a layin ƙarshe. Sabon yaɓe. Mutum ba ya gyara ɗaki sai yana jiran mai shiga. Ubale, kai maharbi ne tun kafin a haifi Sayyid, ba zan yarda cewa ba ka san tsuntsu yana da ƙasarsa ba. In ɗanka kake so ya dawo, da ka faɗa a fili, na san inda zan sa kaina. Amma ka tuna in ya taho ba shi kaɗai zai taho ba, har da wadda ke ɗora mini ruwan alwala.

Sayyid ya sa rana, Juma'a ta biyu bayan salla. Ko ka amsa, amsar ba za ta riske mu ba.

Na'ibi

*

Mai Wurno
Shawwal, 1381

Na'ibi,

Sallama, don Malam Saleh ya ce ba zai rubuta takarda babu ita ba. Lafiya muke.

Tun muna yara kake zagina ina ramawa, ban taɓa kwana da zaginka ba sai wannan. Ni ban taɓa ƙetare teku ba. Duk dajin da na shiga, daga nan har Dindir, na tarar da burtu ya riga ni. Na ɗauka inda duk Allah Ya ajiye barewa Ya ajiye mata shi. Kai da kake zaune a ƙasar fiye da shekarun yaron, ka taɓa ɗaga kai daga kofin shayi ka ga irin tsuntsayen da ke cikinta? Takardata a hannunka take tun Sha'aban, ba ka ce komai ba sai da gwiwar yaro ta saɓule.

Ɗaki kuwa, kowace shekara nake sa a yi masa yaɓe tun ran da ya tafi. Tambayi kowa. Ina son ganin sa kafin ɗaya idon ya rufe, ban ɓoye ba. Amma ba na son ya shigo mini gida da kansa a ƙasa.

In rana ba ta wuce ba, ya ajiye burtun. Ba tsuntsun ne asirin ba. Ya duba abin da barewar can ta saba gani kullum ba ta gudu, raƙumi ne ko tumaki, ya shiga cikinsu ya zama ɗayansu. Da ina kusa da tuni na gaya masa.

Ka rubuto ko da zagi ne. Shirun nan ya fi zagin ciwo.

Ubale

*

Jidda, Mahjar
Safar, 1382

Zuwa ga taubashina kuma surukina Ubale Maharbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan karon gaisuwa ce a gaba. Ina gajiya, ina ido, yaya damina? Albishirinka, Bashira ta sauka lafiya bayan alhazai sun watse, namiji, an sa masa Usuman. Yana da goshin gidanku, Allah Ya ba shi haƙurin ɗauka. Sun yi arba'in.

Takardarka ta same ni tun kafin Hajji. Na karanta, na ninke, na sa ƙarƙashin matashi. Zancen yaɓe na janye, ka yafe. Ban amsa ba ne don lokacin ni kaina ban san abin da ya faru ba. Ranar Juma'ar da Sayyid ya sa, Hamad ya dawo da la'asar, ya yi wanka, ya ci abinci, ya ce ba a samu ba. Bai ƙara ba. Sauran sai da na tsinto, wani a bakin mai dafa abincin Sayyid, wani a bakin Badawin da kansa, da na tare shi a kasuwar raƙuma.

Sun fita da sassafe, mota biyu, suka bi hanyar Makka har suka wuce Bahra, suka saki kwalta. Da aka hango barewa, ɗanka bai ɗauko burtu ba, a gida ma ya bar shi. Ashe tun ranar da aka yi masa dariya yake komawa wajen shi kaɗai yana kallo, har ya lura barewa ba ta kula baƙaƙen awakin Badawa. Ya je ya yi magana da wata tsohuwa mai kiwo, ya yafa baƙin zanensa, ya durƙusa cikin garkenta. Ka lura, takardarka tana cikin jirgi a lokacin, ko ba a ma rubuta ta ba.

Badawi ya ce tun yana dariya har ya daina. Awaki na tafe, Hamad na tafe a tsakiyarsu, har ya kai inda ka ce, inda ake ganin gashin ido. Ya ɗaga hannu biyu. Sai wani bunsuru ya ga abin da bai gane ba a cikin matansa, ya kai masa karo a haƙarƙari. Harsashi ya tafi sama, barewa ta tafi gabas.

Sayyid ya ce yalla, a bi ta. Aka jefa Hamad cikin mota, shi da ya saba riƙe sitiyari yau wani ke tuƙa shi. Suka bi ta cikin tsakuwa har ginshiƙan Shumaisi suka bayyana. Ta wuce su kaɗan, ta tsaya, ta juyo. Cikinta na bugawa, ba ta da sauran gudu.

Hamad ya sauka ya taka har gindin ginshiƙi. Ko gwangwani ba a taɓa ajiye masa kusa haka ba. Baƙi duk sun fito. Sayyid, jini ya hau masa kai, ya ɗaga murya ya ce, "Kai ai a waje kake! Harba, ya Hamad, harba!"

Ɗanka ya sauke bindigar. Ya fuskanci wajen Makka ya ce, "Assalamu alaikum." Da ƙarfi, irin ta mai tsayuwa a ƙofar gida.

Mai dafa abinci ya ce ba wanda ya yi motsi. Can wani dattijo cikin baƙin ya ce, "Yaron ya yi gaskiya, ya Abdulghaffar. Ko daga waje bai halatta ba." Fuskar Sayyid ta sauya, sannan ya yi dariya, ya rungume Hamad, ya ce a shaida yana da direba mai tsoron Allah. Aka koma Abhur aka yanka rago.

Ban ga laifin mai murna da wannan ba, ni ma na yi, na kwana biyu. Bayan Hajji sai ga wani Bayamane a kujerar direba. Sayyid bai yi faɗa ba, har kyautar tufafi ya ba jariri. Ya dai ce iƙama in ta ƙare ba zai sabunta ba. Mutum yana iya yafe wa baransa ɓarin gahawa, amma ba kowa ke son ya riƙa ganin ƙeyar wanda ya tuna masa da Allah a gaban baƙinsa ba, kullum, daga Bagdadiyya har Abhur. Mun zaga ofisoshi neman wani kafili, mai tsaya masa a takarda. Duk wanda ya ji daga gidan da ya fito sai ya ba mu shayi ya raka mu ƙofa.

Jirginsu zai tashi jibi. Bashira ta roƙe ni in bi su, ta yi kuka, ta yi fushi, ta ce, "Abuya, wa zai dafa maka?" Na ce mutumin da ya iya shayi ba ya mutuwa da yunwa. Maƙwabciyarmu ta ce za ta riƙa aiko da tuwo. Ka riƙe mini ita da kyau. Ba ta son kuka a miya, kuma ba ta san sauron kogi ba, a nema mata gidan sauro. Ɗakin da ka yi wa yaɓe ya samu masu shiga uku, kuma ba da kai a ƙasa ba, wannan ni shaida ne.

Burtun kakanmu kuwa na riƙe. Ka karɓi 'yata da jikana, ka bar mini tsuntsu. Yana rataye a ƙusa yana kallona, ni da shi duk baƙi ne a ƙasar nan.

Saura zancen da na fara maka da shi a Rajab. Mai raƙuma ya gaya mini ban yarda ba. Mai dafa abinci ya gaya mini, na ce bai gani da kyau ba, yana bayan mota da tukwane. Badawi ya rantse, na ce dabba ce ta gaji ta tsaya inda gudu ya ƙare mata, ginshiƙi kuwa ya zo daidai. Har yanzu ban ce ta yi karatu ba. Amma jiya muna ɗaure kaya, ba tare da na tambaya ba, wani ya ce mini, "Ammi, wallahi ta sani. Da ta wuce ginshiƙin sai da ta dubi ƙasa tukuna, sannan ta dube ni."

Wanda ya gaya mini na ƙarshe shi ne wanda zai miƙa maka takardar nan, maharbi ɗan maharbi, Hamad. Na rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Malam Saleh, ka karanta masa shi da ƙarfi.

Na'ibi